Daga Malfar Jaji Zuwa Akun Imam: Tarihin Koyar da Yaro da Abin da Ya Zo da Shi Daga Gida



Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san kalmar banakula. A ajinmu monita yana da 'yar takarda a aljihu, wanda duk bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai a rubuta sunansa, kafin tashi a zane shi. Mu dai mukan yi raɗa a tsakaninmu mu sha. Amma akwai wani yaro Bafulatani da ake turowa daga rugar bayan gari, ba ya jin Turanci, Hausar ma tsinta-tsinta yake yi. Shekara guda muna benci ɗaya ban taɓa jin ya amsa tambaya ba, har malam ya yanke masa hukuncin daƙiƙi. Wata ranar kasuwa na gan shi zaune kusa da innarsa yana yi mata lissafin kuɗin nono da man shanu, masu saye sun yi masa caa, bai ɓatar da ko kwabo ba. Da aka dawo hutun ƙarshen shekara bai dawo ba.

Masana ilimi a Amurka sun daɗe suna rubutu a kan irin wannan yaro. Gloria Ladson-Billings ta fitar da littafi a 1994 game da malaman da suka yi nasarar koyar da 'ya'yan baƙar fata, Geneva Gay kuma ta biyo da nata a 2000. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne, yaro ba ya zuwa aji hannu rabbana: yana tafe da harshensa da labaran gidansu da irin yadda aka saba yi masa magana, malamin kirki kuwa a kan waɗannan yake ɗora karatu. Su a can sabon suna suka ba abin. Mu a nan matsalar ta girmi kakanninmu, kuma ƙoƙarin warware ta ne ya haifi sana'ar da ta tara mu a wannan zaure.

Kafin zuwan Turawa

Mu fara da karatun zaure. Malami ya buɗe Ahalari ko Iziyya, ɗalibi ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malami yana bin sa da fassara cikin Hausa. A Borno malamai suna da wani tsohon harshe na musamman, Tarjumo, da suke fassara Alƙur'ani da shi. Littafin na Larabci ne, amma ba a taɓa hana harshen gida shiga zauren ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi ga jama'a masu harsuna daban-daban. Ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai, ya yi waƙoƙi da Fulatanci, ya yi wa jama'a magana da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kai abin wani matsayi. Bayan jihadi, garuruwa da ƙauyuka sun cika da matan da ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, da yawansu kuma sun taso cikin bori. Asma'u ta tsara musu darussa cikin waƙoƙin Hausa masu sauƙin hadda, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ƙanenta Isa shi ma ya fassara da dama. Wajen 1840 ta kafa tsarin 'Yan Taru: a kowane yanki ta naɗa dattijuwa mai suna jaji, wadda za ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a cikin gidaje.

Abin lura shi ne alamar da ta zaɓa. Tana naɗa jaji ne da malfa da jan ƙyalle. Matan Gobir sun san wannan shiga sarai, domin irinta ce Inna, shugabar bori ta masarautar, take yi. Asma'u tana yaƙi da bori, amma ta san cewa idan matar karkara ta ga malfa a kan mace, ta san ta ga mai iko da ake saurara. Sai ta ɗauki malfar ta ɗora wa malama. Da ɗan gari akan ci gari.

Makarantar Ɗan Hausa

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da dubban makarantun allo da jama'ar da ba ta neman karatun kowa. Likita Walter Miller na mishan ya gwada buɗe makaranta a Zariya domin 'ya'yan sarakuna da malamai, iyaye suka ƙi, don sun san inda aka dosa. Gwamna Girouard sai ya ɗora aikin a kan Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya fara zuwa ƙasar Hausa a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, kuma ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906. Ya iya Hausa ƙwarai, shi ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. An tura shi Masar da Sudan ya ga yadda ake tafiyar da makarantu, ya dawo ya buɗe tasa a Nassarawa ta Kano a 1909. Gidansa yana nan har yau, Gidan Ɗan Hausa.

Vischer ya yi iyakar ƙoƙarinsa kada makarantar ta yi wa yaro kama da baƙon wuri. Ginin ƙasa ne, ɗalibai suna sanye da tufafinsu na gida, ana sallah, malaman gari suna koyar da addini da Larabci, ba a wa'azin Kirista. Da Hausa ake koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya. Akwai ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen sana'o'i irin su dukanci da ƙira da sassaƙa. Idan aka gwada da makarantun da Faransa ta kafa a ƙetaren iyaka, inda Faransanci kaɗai aka yarda yaro ya furta, wannan babban sassauci ne.

Sai dai akwai abubuwa biyu da bai kamata marubuci ya tsallake ba. Na farko, makarantar da ta girmama rigar yaro da sallarsa ta yi watsi da rubutun da ya riga ya iya. Yaran sun zo da ajami a hannunsu. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya ba da shawarar a ci gaba da shi, amma Girouard da Vischer suka zaɓi baƙaƙen Turawa, Vischer ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da su a 1912. Jama'a suka kira sabon rubutun boko. An daɗe ana cewa kalmar daga sunan littafi a Turanci ta fito, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ashe tun ranar farko hukunci aka yanke wa karatun.

Na biyu, girmama al'adar yana da nasa dalili na mulki. Turawa suna mulki ta hannun sarakuna, suna bukatar malaman ofis da alƙalai da hakimai masu iya rubutu, kuma ba su son Arewa ta samar da irin 'yan bokon Legas masu Turanci da jarida da ƙorafi. Saboda haka an taƙaita Turanci, an taƙaita yawan makarantu, 'yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu cibiyoyin gwamnati a Kano da Katsina. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, inda ake karatu da Turanci, mutane ƙalilan take ɗauka. Lokacin da aka zo rabon ayyukan ƙasa gab da 'yancin kai, Arewa ta ga abin da wannan taƙaitawa ta jawo mata. Wannan shi ne tushen tsoron da iyaye suke yi har gobe idan aka ce a koyar da ɗansu da Hausa: suna jin kamar ana so a sake rufe masa ƙofa. Tsoron yana da tarihi, kuma duk mai kare harshen gida ya wajaba ya amsa shi.

Makaranta ba littafi

Makarantun elementare sun yaɗu a larduna, yara sun koyi haɗa baƙi da wasali, sai aka tarar babu abin karantawa. Yaro ya iya boko, amma in ya gama littafin koyon karatu shi ke nan, sai ya manta. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu daga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, da sauran fassarori. East ya lura cewa fassara kaɗai ba ta isa ta sa yaro ya so karatu ba. A 1933 hukumar ta koma Hukumar Talifi, shi kuma ya zagaya manyan garuruwa yana roƙon malamai su ƙago labari. Ya rubuta daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a ganinsu rubutu na ilimi ne, ƙirƙirar labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara.

Sakamakon wannan gasa kun san shi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ɓalewa malami ne a Midil ta Bauchi. Bello Kagara ya koyar a Kwalejin Katsina. Malaman aji ne suka rubuta wa yaran da suke gani kullum, sun san abin da ke sa su dariya da abin da ke sa su hamma.

A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku. A nan ne darasin yake ga mai son koyon sana'a. Akun da ke ba da labari don ya hana ɗan sarki fita, asalinsa daga labaran Indiya da Farisa yake. Kalala da Kalalatu suna da 'yar'uwa a tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan Grimm suka tattara, wata kuku da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi da maigida. Amma wane yaro ne a Funtuwa ko Haɗeja ya taɓa zargin Kalalatu baƙuwa ce? Imam ya sauya sunaye da abinci da gaisuwa, ya kawo fada da waziri da alƙali, ya sa karin magana a bakin mutane, ya ba kowa irin maganar da ta dace da matsayinsa. Yaro ya shiga labarin ta ƙofar gidansu, ya fito ya zaga duniya. Haka ya yi a Ikon Allah, shi da East, inda suka bayyana kimiyyar halittu da sararin sama da misalan da ɗan ƙauye ya sani.

Daga nan aka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam yana edita, sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950 wadda ta buga ɗimbin ƙananan littattafai domin Yaƙi da Jahilci. Adabin zamani na Hausa gaba ɗayansa daga matsalar aji ya tsiro.

Waɗanda Hausa ta zame wa Turanci

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Arewa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, harsunanta sun kai ɗaruruwa. Da farko an ɗan yi ƙoƙarin kula da manyan cikinsu. F. W. Taylor, jami'in ilimi a Yola, ya rubuta nahawun Fulatancin Adamawa a 1921 da ƙamus a 1932. East da kansa ya yi aiki a ƙasar Tibi kafin Zariya, shi ya fassara tarihin da Akiga Sai ya rubuta da Tibanci, aka buga a 1939. Akiga ya zama editan jaridar Mwanger u Tiv da Kamfanin Gaskiya yake bugawa. A zamanin NORLA Adamawa tana da jaridar Ardo, Borno tana da Albishir.

Amma ga yawancin ƙananan harsuna, an ɗauki hanya mai sauƙi. Gwamnati da 'yan mishan duka sun ga ya fi arha a koyar da kowa da Hausa. An buɗe makarantar horon malamai a Toro domin yankunan da ba na Musulmi ba, mishan ta buɗe tata a Gindiri a 1934, an kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ga kasuwa, ga haƙar kuza a Jos, ga ofishin En'e, duk Hausa. Ɗan Birom ko Angas ko Tangale da ya shiga aji ɗaya ya tarar da malami yana magana da harshen da ba na uwarsa ba, littafin karatunsa cike da sarki da waziri da dogarai, alhali a ƙauyensu ba haka rayuwa take ba, wani ma abin da kakansa ya sani game da masarauta shi ne harin bayi. Abin da Turanci ya yi mana, shi Hausa ta yi masa. A yau harsuna da dama a Bauchi da Gombe da Filato da kudancin Kaduna suna gab da ɓacewa, jikoki ba su iya amsa gaisuwar kakanni sai da Hausa. Bafulatanin ajinmu ƙofa biyu aka rufe masa, kuma ɗaya daga ciki tamu ce. Sai a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa domin irinsa.

Gwaji biyu

A Nijar, bayan taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsuna irin su Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran manyan harsunan ƙasar. Shekaru da dama makarantun suka ci gaba da amsa sunan gwaji, tsirarai a tsakiyar tsarin Faransanci.

A Najeriya gwajin da ya fi shahara shi ne na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Wasu yaran aka bar su a tsohon tsari. Da aka gwada, waɗanda suka yi karatu da harshen gida ba su gaza ba ko a Turancin, a wasu darussa ma sun yi gaba. Wannan shi ne amsar tsoron iyaye: a ba yaro harshensa, a kuma ba shi Turanci mai kyau. Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Kafin a shiga aji, sai da aka zaunar da malamai da masana harshe da marubuta suka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da zamantakewa da Yarabanci, aji-aji, suka ƙirƙiro kalmomin da babu. Nasarar a kan teburin rubutu aka fara ta.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 2022 gwamnati ta amince a kai hakan har shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci. Kowa yana da ra'ayinsa a kan sokewar, amma tsakaninmu da Allah, a duk tsawon waɗannan shekaru littattafai nawa muka ga an ajiye a gaban ɗan aji uku da harshensa? Doka a takarda ba ta koyar da yaro idan malami ya juya bai ga abin da zai miƙa masa ba.

Abin da ya rage gare mu

A zauren nan kusan kullum ana turo babi na labarin soyayya ko na rikicin kishiyoyi, kuma babu laifi, masu karatu suna so. Amma yaushe rabon da wani ya turo labarin shafi huɗu domin yarinya 'yar shekara bakwai? Rubuta shi ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Jimla gajera, kalmomin da ta sani, sabuwar kalma ɗaya ko biyu da labarin kansa zai fassara, da abin da zai sa ta juya shafi.

Idan za ku gwada, ga abin da na tsinta daga wannan tarihi. Ku je ku zauna a bayan wani aji na firamaren unguwarku, da izinin hedimasta, ku ji yadda yaran suke magana. Ku ƙirga harsunan da ke cikin ajin, za ku yi mamaki, musamman a Kaduna da Jos da Maiduguri da unguwannin da 'yan gudun hijira suka sauka. Idan kun sa Bafulatana ko Babarbare ko Bagwari a labari, kada ya zama shi ne wawan da ake yi wa dariya saboda karyayyar Hausarsa, domin akwai yaron da zai karanta a gaban 'yan ajinsu. Ku ba shi suna irin na gidansu da abin da ya fi kowa iyawa. Wanda kuma yake da wani harshe bayan Hausa, kuma na san muna da su da yawa a nan, ya gwada rubuta labarin da harsunan biyu, shafi yana kallon shafi. Ku riƙa tuna cewa Hausar Sakkwato da ta Damagaram da ta Gaya duk Hausa ce, yaron da ya ce "shina zuwa" bai yi kuskure ba, daidaitacciyar Hausa ƙari za a yi masa a kan tasa.

Ban san inda abokin bencina yake ba yanzu. Ina zaton yana da 'ya'ya, wataƙila ɗaya daga cikinsu yana zaune a wani aji yau, ya yi shiru. Duk wanda ya rubuta ɗan labari irin wanda na ambata, ya turo shi nan kafin Juma'a mai zuwa, mu duba tare, mu ga ko za mu iya haɗa guda goma mu kai wata makaranta a gwada su a gaban yara.

Allah Ya yi mana jagora. Sai mako mai zuwa.